Tsadar Rayuwa a Kaduna: Me Za Mu Rage, Me Za Mu Bari?

Malamin sakandare, Unguwar Sanusi:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna maganar da kowa yake yi da iyalinsa a cikin ɗaki amma ba kasafai ake yin ta a fili ba, wato yadda muke kashe ɗan abin da yake shigo mana. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta zarce 1,500 a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000, Jihar Kaduna ta amince da 72,000, wanda idan aka raba shi kwana talatin bai wuce naira 2,400 a rana ba, kuma a cikin wannan ake so magidanci ya ci da iyali, ya biya haya, ya hau mota, ya sayi magani.

Ba na kawo waɗannan lissafai don mu sake zagin gwamnati ba, domin wannan muna yi kullum, kuma akwai wurinsa. Abin da yake damuna shi ne, kuɗinmu ya karye amma al'adun kashe kuɗinmu suna nan a tsaye kamar babu abin da ya faru. Har yanzu ana fitar da anko kala biyu ko uku a biki ɗaya, ana kama zauren taro don dina, ana jera akwatunan lefe da ango zai shekara yana biyan bashinsu, ana yin taron suna da ya fi ƙarfin mai jego da mijinta. Ina ganin ɗalibai suna zuwa makaranta ba su karya ba, alhali na san iyayensu mata sun ɗinka ankon da aka fitar a unguwa a wannan watan. A ganina babbar ɓarakar da kuɗinmu yake bi tana cikin abin da muke yi don idon mutane, kuma daga nan ya kamata ragi ya fara, kafin a taɓa tukunya. Ina neman ra'ayinku, musamman iyayenmu da suka ga irin wannan zamani kafin mu.

Direban Keke Napep, Rigasa:

Wa alaikumus salam. Malam, da girmamawa, ina ganin maganarka ta dace da mai albashi, wanda ya san ranar da kuɗinsa zai shigo, ya zauna ya raba shi. Ni da ire-irena ba mu da abin ragewa. Idan na fito da asuba, kafin na ce na samu nawa sai na fara haɗa kuɗin mai da balas ɗin mai keke, abin da ya saura shi ne cefanen gobe. Fasinjan da a da yake hawa daga Rigasa zuwa Kasuwar Bacci yanzu yana taka rabin hanya da ƙafa don ya rage kuɗin mota, wanda kuma ya hau sai an yi ciniki da shi kamar ana sayar da akuya. Ban taɓa kama zauren dina ba, matata ba ta shiga anko ba tun da aka cire tallafi, nama sai ranar da Allah ya kawo, amma duk da haka ba ya isa.

Abin da nake tsoro da irin wannan magana shi ne a mayar da laifin kan talaka, a ce rashin tsarinsa ne ya jefa shi cikin wahala. Matasan da suka fito kan titunan Kaduna a farkon Agustan 2024 har aka sa dokar hana fita, ba anko ne ya fito da su ba, yunwa ce. Kuma akwai abin da mai albashi ba ya lura da shi: talaka ya fi mai kuɗi sayen kaya da tsada. Mai hali yana sayen buhu, ni ina sayen rabin mudu. Yana sayen jarkar man gyaɗa, ni ina sayen ƙulli a leda. Idan aka tara ƙulle-ƙullen nan na wata guda, na biya fiye da shi a kan kaya iri ɗaya, kuma na san haka sarai, sai dai ba ni da dunƙulallen kuɗin da zan saya gaba ɗaya.

Malamin sakandare, Unguwar Sanusi:

Gaskiyarka ƙanena, kuma ba na ɗora wa wanda ba shi da shi laifin rashinsa. Maganata tana kan masu ɗan abin hannu, waɗanda su ne suke kafa mizanin da marar shi yake wahalar kaiwa. Idan mai hali ya yi lefen akwati goma sha biyu, gobe iyayen yarinyar da kake nema da shi za su auna ka. Batun sayen ƙulli kuwa ina roƙon kada mu bar shi ya wuce, domin ina ganin akwai abin da za mu iya yi a kai.

Hajiya mai atamfa, Tudun Wada:

Sallama gare ku baki ɗaya. Malam, tun da an ambaci anko dole na yi magana, kuma zan faɗa tun farko cewa da shi nake cin abinci, don kowa ya auna maganata da wannan. Na yarda anko uku a biki ɗaya ɓarna ce, ni kaina ina ba masu biki shawara su tsaya a kala ɗaya mai sauƙin kuɗi, wadda mace za ta ci gaba da ɗaurawa bayan biki, maimakon leshin da za a sa sau ɗaya a ninke a akwati. Amma ku maza kuna kallon biki ta waje, ba ku san abin da yake gudana a cikin gida ba.

Gudummawar da mace take kaiwa gidan biki ajiya ce. Wadda ta kai wa ƙawarta kuɗi ko kwanuka ko turmin atamfa ranar auren 'yarta, an rubuta, kuma ranar da nata ya tashi za a mayar mata, galibi da ƙari. Da wannan ne matan da ba su da asusun banki suke yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki tun zamanin kakanninmu. Kuma zumuncin da aka ƙulla a wurin biki shi ne yake tashi ranar rashin lafiya da ranar mutuwa. Na ga matar da mijinta ya kwanta asibiti, matan da take zuwa bikinsu ne suka haɗa kuɗin aikin da aka yi masa cikin kwana biyu. Wadda ta janye jikinta daga sha'anin mutane da sunan tattali, ranar da ta shiga matsala za ta waiga ba ta ga kowa ba.

Saboda haka ni a wurina a rarrabe. Mai ɗaukar hoto da bidiyo, mai kwalliyar amarya da ake biya kuɗin da ya kai albashin wani, zauren taro, kek mai hawa-hawa, robobi da jakunkunan da ake bugawa da hoton ango da amarya ana rabawa, duk waɗannan baƙi ne, ba mu tashi mun gan su ba, kuma babu wanda zai mayar maka da kuɗinsu. A yanke su, babu abin da zai ragu a aure. Amma zuwa gidan biki da ɗan abin da ya sawwaƙa, da kai wa mai jego abinci, da zuwa gaisuwar mutuwa ko da kuɗin motar ya yi tsada, waɗannan ban yarda a taɓa su ba. Abin da nake roƙon mata shi ne a daina raina gudummawa. Wadda ta kai miki dubu biyar shekara uku da suka wuce, yau ta zo da dubu biyu, ki karɓa da fara'a, kin san halin da ake ciki.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka da wannan tattaunawa. Malam ya nemi jin ta bakin tsofaffi, to ga abin da idona ya gani. Muna yara aka yi rabon kuɗin Udoji a tsakiyar shekarun 1970, ma'aikata suka karɓi ƙarin albashi da bashin watanni a dunƙule, aka yi ta sayen babura da rediyo da ƙarin aure, 'yan kasuwa kuma suka ɗaga farashi nan take. Ba a yi shekara goma ba gwamnatin Shagari ta shigo da matakan tsuke bakin aljihu a 1982, muka koma bin layi don sayen madara da sabulu da sukari, sannan tsarin gyaran tattalin arziki na Babangida, wato SAP, ya zo a 1986 ya karya naira. Don haka abin da kuke gani yau ba shi ne na farko ba, ko da yake ban taɓa ganin farashi yana gudu da sauri irin na 2024 ba.

An buɗe masaƙa ta farko a Kakuri a 1957, zamanin Sardauna, wasu suka biyo baya, har unguwar nan ta zama idan aka tashi aiki titi ba ya ɗaukar mutane saboda kekuna. Dubban magidanta ne suke ci daga nan, ban da masu abinci da masu gidajen haya da teloli. Mun ɗauka aikin masaƙa ba ya ƙarewa. Da masaƙun suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, sai aka ga bambanci tsakanin mutane, kuma bambancin bai bi girman albashi ba. Akwai manyan ma'aikata da suka saba da gidan haya mai tsada da cin nama kullum, suna bin bashin kantin kamfani kafin wata ya ƙare, waɗannan cikin 'yan watanni suka sayar da kayan ɗakin matansu. Akwai kuma ƙananan leburori da suka riƙe gonarsu ta ƙauye, suka sayi ɗan fili a bayan gari lokacin da babu mai so, suka gina ɗaki biyu da jar ƙasa, matansu suna kiwon awaki da kaji. Waɗannan sun sha wuya, amma ba su yi bara ba, kuma 'ya'yansu sun yi karatu.

Darasin da na ɗauka shi ne, abin da yake kashe magidanci nauyin da yake maimaituwa ne, wanda dole a biya shi kowane wata ko kowace shekara ko an samu ko ba a samu ba: haya a unguwar da ta fi ƙarfinka, makarantar kuɗi da ka sa yara don maƙwabci ya sa nasa, mota da ke shan mai da gyara, bashi mai ruwa. Biki ana yinsa a wuce, amma waɗannan suna nan suna jiranka. Wanda yake son ya sauƙaƙa rayuwarsa ya fara duba su tun yana da zaɓi, domin wanda ya sauko da kansa ya fi wanda aka sauko da shi mutunci. Allah ya yabi bayinsa a Suratul Furƙan, aya ta 67, da cewa idan za su ciyar ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙuntatawa, suna tsayawa a tsakani. Ku lura an hana duka biyun, don haka magidancin da ya matse iyalinsa alhali yana da shi, shi ma bai tsira ba.

Uwargida, Badarawa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Ina so na mayar da maganar madafa, domin a nan ne yawancin kuɗin gida yake ƙarewa, kuma mu mata ne muke ganin tafiyarsa. Abu na farko da na gyara shi ne wuta. Girki sau uku a rana a kan gas ya fi ƙarfin yawancinmu yanzu, don haka abin da yake daɗewa a wuta, kamar wake da tuwo da ruwan wanka, na mayar da shi kan murhun gawayi, gas kuma sai shayin safe da ɗumame. Wake idan aka jiƙa shi tun dare, ko aka sa masa 'yar kanwa, ba ya cin rabin wutar da yake ci. Miya ina yin ta kwana biyu lokaci ɗaya. Lokacin da tumatir da tattasai suka yi araha da rani, ina saye da ɗan yawa na yanka na shanya, domin kowa ya ga yadda tumatir ya gagari mutane a tsakiyar 2024, har aka koma miyar kuka da kuɓewa busasshiya ba don ana so ba.

Na biyu, shinkafa ta zama mana kamar dole, alhali iyayenmu ranar Juma'a da ranar salla suke cin ta. Masara da dawa da gero a jiharmu ake noma su, kuma daga mudun masara za a yi tuwo, a yi dambu da zogale ko rama, a yi fate da alayyahu, a dama koko da safe. Yara suna ƙorafi da farko, daga baya su saba, musamman idan uwa ta iya sarrafawa. Abin da ya fi cin kuɗi ba tare da an lura ba shi ne ƙananan saye-saye: taliyar yara ta leda, lemon kwalba, biskit na tafiya makaranta, katin waya. Tun da aka amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, na zauna da 'ya'yana manya muka lissafa abin da gidanmu yake kashewa a data a wata, sai muka ga ya isa sayen hatsin da za a ci kwanaki.

Amma ina da ƙorafi a kan maza. Da yawa suna ba da kuɗin cefane irin na shekara uku da suka wuce, su ce mace ta yi dabara, su kuma su tsaya wurin mai shayi ko mai tsire su ci abin da ya kai rabin kuɗin cefanen. Mace tana cike giɓin da kuɗin sana'arta ko na adashinta ba tare da ta faɗa ba, shi kuma yana ganin tsarinsa ne yake aiki. Idan za a yi tattali, a zauna tare, miji ya faɗi abin da yake samu, mata ta faɗi abin da kasuwa take ciki, ragin kuma ya shafi kowa.

Ɗan kasuwar hatsi, Kawo:

Hajiya ta Badarawa ta yi gaskiya a kan hatsinmu na gida, kuma ina so na amsa wa ƙaninmu na Rigasa batun sayen ƙulli. A al'ada hatsi ya fi araha da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da manomi yake fitar da shi don biyan bashin taki da hidimar gida, sannan ya yi ta hawa har tsakiyar damina. Wanda ya je Saminaka ko Giwa ko Soba a wannan lokaci zai ga bambanci da farashin cikin gari, ko da an haɗa da kuɗin mota da na lodi. Mutum ɗaya ba zai iya ba, amma gida biyar ko shida za su iya haɗa kuɗi su sayi buhun masara da na wake, a zo a auna da mudu a gaban kowa a raba. Wanda yake samun kuɗi kullum kamar direba, ya riƙa zuba ɗan abu a adashi daga damina, a tsara kwasarsa ta faɗo a kaka.

Sai dai akwai gargaɗi biyu. Na farko ajiya. Hatsin da bai bushe sosai ba zai yi fumfuna, kuma wake ƙwari suna gama shi cikin 'yan makonni. Kada a zuba masa maganin ƙwari na gona, mutane sun mutu ta wannan hanya. A sa shi a jarka mai tsabta a cika ta har baki a toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ko a sayi buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace leda daban, a ɗora a kan katako nesa da bango.

Na biyu, a sayi na ci kawai, kada a mayar da shi caca. A 2023 waɗanda suka ajiye hatsi sun ci riba mai yawa, sai kowa ya ɗauka haka za a yi ta yi, har ma'aikata suka ci bashi suka sayi buhuna a kakar 2024 don su sayar da damina. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da janye harajin shigo da masara da alkama da wake da wani nau'in shinkafa na kwana 150, ga kuma hanyar Birnin Gwari da ta fara samun sauƙi, sai farashi ya sauko a 2025 maimakon ya hau. Na san mutane a kasuwarmu da suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Wanda ya sayi na cin gidansa bai yi asarar komai ba, domin ya ci abinsa. Ni abin da yake damuna yanzu shi ne manomi, wanda ya sayi taki da tsada ya sayar da masara da araha. Idan ya rage noma, arahar da muke murna da ita ba za ta daɗe ba.

Ma'aikaciyar jinya, Malali:

Ina bin tattaunawar tun farko, kuma akwai ragin da nake roƙon kowa kada ya yi, domin mu ne muke ganin ƙarshensa a asibiti. Masu hawan jini da masu ciwon sukari da yawa sun koma shan magani rana ɗaya su tsallake rana ɗaya, ko su daina idan sun ji sauƙi. Hawan jini ba ya ba da sanarwa, sai dai a kawo mutum ɓarin jikinsa ya shanye ko ƙodarsa ta taɓu, kuma kuɗin wankin ƙoda na mako ɗaya ya fi kuɗin maganin shekara. Na san magunguna sun yi tsada, musamman bayan kamfanin magunguna na GSK ya sanar a Agustan 2023 cewa zai daina harkarsa kai tsaye a Najeriya, abin shaƙa na masu asma ya ninka. Amma mafita ita ce a gaya wa likita ko mai harhaɗa magani gaskiya cewa wannan ya fi ƙarfina, domin sau da yawa akwai irinsa na wani kamfani mai rajistar NAFDAC da ya fi araha, aikinsu ɗaya. A kuma je a tambayi yadda ake shiga inshorar lafiya ta jiha a hukumar KADCHMA, tun kafin ciwo ya zo.

Sai yara ƙanana da masu juna biyu. Idan aka cire nama da ƙwai da madara daga gida, dole a sa wani abu a madadinsu, in ba haka ba yaro zai ƙoshi da tuwo amma ya rame. Waken suya yana da araha a jihar nan, a yi awara, a yi madararsa, a soya shi tare da gero da gyaɗa a niƙa a riƙa dama wa yaro kunu. Awon ciki da rigakafin yara kuma kada kuɗin mota ya hana, a je cibiyar lafiya ta unguwa da ƙafa in ta kama.

Direban Keke Napep, Rigasa:

Na gode Alhaji na Kawo, wannan shawara ce da zan iya ɗauka, kuma zan yi wa abokan aikina na tasharmu maganar. Tun da an buɗe zancen, bari na faɗi abin da yake cinye matasa irina wanda manya ba su cika sani ba. Idan abin da mutum yake samu ba ya isa ko ya yi tattali, zuciyarsa takan raya masa cewa sai dai ya nemi hanyar da kuɗi zai ninka. Daga nan ake faɗawa cacar ƙwallo ta waya, ana zuba ɗari biyu, ɗari biyar, kullum da fatan gobe. Wasu kuma suna karɓar bashin manhajojin waya, wanda ake ba ka cikin minti kaɗan da ruwa mai nauyi, in ka makara su aika wa duk wanda yake cikin wayarka saƙon cin mutunci. An ga yadda MMM, harkar nan ta intanet mai alƙawarin ninka kuɗi, ta tafi da kuɗin mutane a 2016, amma da irinta mai suna CBEX ta zo aka sake zubawa, ta rufe a Afrilun 2025. Mutumin da yake rage cefane yana zuba kuɗin a irin waɗannan wurare, iyalinsa ne suke biyan cacarsa da cikinsu. Ina roƙon malamanmu su riƙa yin huɗuba a kan wannan da sunansa, yadda suke yi a kan sauran laifuka.

Hajiya mai atamfa, Tudun Wada:

Allah ya shirya mana ku, ɗana. A kan adashin da Alhaji ya kawo, ina da gyara ɗaya, domin na daɗe ina uwar adashi. A lokacin da kuɗi yake zubewa, adashi mai tsawo zalunci ne ga na ƙarshe, domin dubu ɗarin da na farko ya kwasa a Janairu ba ita ce dubu ɗarin da na ƙarshe zai kwasa a Disamba ba. A yi shi gajere, mutum kaɗan waɗanda aka san gidajensu da sana'arsu, a rubuta komai a littafi, kuma wanda ya kwasa a farko a wannan zagaye ya koma ƙarshe a na gaba. Wanda ya kwasa kuma ya mayar da kuɗin kaya nan take, hatsi ko jari ko kuɗin makaranta, kada ya ajiye shi a ɗaki.

Malamin sakandare, Unguwar Sanusi:

Hajiya, na karɓi rarrabewar da kika yi tsakanin gudummawa da kayan nuna isa, amma a kan anko har yanzu ina nan a kan bakana, ko kala ɗaya ne. Matsalarsa ita ce ba a tambayar mace ko tana da hali, ana aiko mata da shi ne da farashinsa, in ba ta saya ba a ce ba ta ƙaunar mai biki. Da za a ce duk wanda ya zo da tufafinsa masu tsabta an karɓe shi hannu biyu, da ban ce komai ba. Wannan kuma gyara ne da ba zai fara daga marar hali ba, domin shi in ya yi za a ce talauci ne. Sai masu hali da masu faɗa a ji a dangi sun aurar da 'ya'yansu a sauƙaƙe, an ɗaura aure a masallaci, an yi walima a gida, an kai amarya, sannan na ƙasa zai samu abin kafa hujja. Baba, a kan makarantar kuɗi ina da ɗan ja, domin ajin da yake da yara fiye da yadda malami ɗaya zai iya kula da su ba wurin da uba zai mayar da ɗansa da daɗin rai ba ne, ko da yake na yarda akwai masu biyan kuɗin suna da kwalliyar gini kawai.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:

Malam, ban ce a cire yaro daga inda yake samun karatu ba. Na ce uba ya shiga ajin da kansa ya duba littafin ɗansa, ya ga ko abin da yake biya yana dawowa. Idan yana dawowa, a rage wani abu a riƙe makarantar. Idan ba ya dawowa, a nemi mai sauƙi, a ƙara da darasin yamma.

Uwargida, Badarawa:

Alhaji na Kawo, mu a layinmu mata huɗu mun yi magana da yamman nan, muna son gwada sayen haɗin gwiwar a kaka mai zuwa, masara da wake da waken suya. Tambayarmu ita ce, ya fi mana mu ba ɗaya daga cikin mazajenmu kuɗin ya je kasuwar ƙauye, ko mu saya a nan Kawo wurin wanda muka sani?

Ɗan kasuwar hatsi, Kawo:

Hajiya, idan buhunan ba su wuce uku ko huɗu ba, kuɗin mota da lodi da ɗan dillali zai cinye bambancin, gara ku saya a nan ranar Talata da kayan ƙauye suke shigowa. Ku zo da wanda ya san hatsi, a soka buhun a sama da tsakiya da ƙasa a ga ko iri ɗaya ne, a ciji ƙwayar masara a ji ta fashe da ƙara, alamar ta bushe ke nan. Ku zo da mudunku na gida, kuma a auna a gabanku kafin a ɗinke bakin buhu.